Faisal Addawish: Shugaban Muɗair da Ya Rasa Mafaka Tsakanin Najadu, Kuwait da Iraƙi

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin rayuwar Faisal ɗan Sulɗan Addawish, shugaban ƙabilar Muɗair kuma ɗaya daga cikin manyan jagororin mayaƙan Ikhwan na ƙasar Najadu, tun daga tasowarsa har zuwa rasuwarsa a kurkukun Riyad a 1931. An fi mayar da hankali a kan shekarun da Birtaniya ta shata iyakoki tsakanin Najadu da Iraƙi da Kuwait, da yadda waɗannan iyakoki suka sauya makomar duk wanda ya gudu neman mafaka a hamada.

1.0 Gabatarwa

Larabawa makiyaya suna da wata tsohuwar ƙa'ida da suke kira dakhala. Idan mutum ya ga uwar bari, ya ruga ya shiga tantin wani ya nemi a kare shi, to ya zama amana a wuyan mai tantin. Ko da abokin gabarsa ne, ba shi da damar miƙa shi ga masu farautarsa, in kuwa ya yi haka, abin kunyar zai bi shi har jikokinsa. Sarakunan garuruwan da ke gefen hamada, irin su Kuwait da Ha'il, su ma sun riƙe wannan ƙa'ida hannu bibbiyu, domin da ita suke tara jama'a. Ƙabilar da ta saɓa da wani sarki takan kwashe tantunanta da raƙumanta ta koma inuwar wani, ta zauna har ƙura ta lafa. Wannan ne ya sa babu sarkin da ke iya murƙushe ƙabila gaba ɗaya, tun da kullum akwai ƙofar da za ta bi ta fice.

Tsakanin 1920 da 1930 aka toshe wannan ƙofa. Turawan Birtaniya, waɗanda ke riƙe da Iraƙi kuma suke ba Kuwait kariya, suka zana layuka a kan taswira, suka ƙulla yarjejeniyoyi da Abdul'aziz ɗan Sa'ud a kan ƙabilun da ke ƙetare su. Babu wanda rayuwarsa ta nuna wannan sauyi kamar Faisal Addawish. Ya yi shekaru yana keta waɗannan iyakoki da mayaƙansa, daga baya ya zo bakinsu da mata da yara yana neman a buɗe masa.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Faisal a farkon shekarun 1880, a gidan Dawish, wanda a cikinsa sarautar Muɗair take. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ajman ce, dangantakar da ta yi masa rana a ƙarshen rayuwarsa. Muɗair ƙabila ce ta masu raƙuma, wadda daga cikin manyan rassanta akwai Ilwa da Buraih. Ƙasar kiwonsu ta shimfiɗu daga kusa da Ƙasim a tsakiyar Najadu, ta ratsa rairayin Dahna da tuddan Summan, har ta kai bakin Kuwait. Da bazara sukan taru a rijiyoyinsu, irin su Lisafa da Hafar Albaɗin. Idan ruwan hunturu ya sauka ciyawa ta tsiro, sai su watsu arewa, wani lokaci har kusa da kogin Furatu. Kasuwarsu kuwa Kuwait ce: can suke kai raƙuma da man shanu da ulu, su sayo shinkafa da dabino da gahawa da tufafi.

Zaman Muɗair a tsakiyar manyan gidajen sarauta uku, wato Al Rashid na Ha'il da Al Sabah na Kuwait da Al Sa'ud na Riyad, ya koya wa shugabanninta iya taku. Sukan bi wannan a bana, su bi wancan a baɗi, gwargwadon abin da zai tsare musu rijiyoyi da kasuwa. Faisal ya taso cikin wannan siyasa. Bayan Abdul'aziz ya ƙwato Riyad a 1902, Faisal ya yi yaƙi a gefensa, sannan a 1907 ya juya masa baya ya haɗa kai da mutanen Ha'il. Abdul'aziz ya ci shi, ya kuma yafe masa. Ba da daɗewa ba ya gaji mahaifinsa a shugabancin ƙabilar, yana da suna a jarumta da sanin dabarun kai hari daga nesa.

3.0 Arɗawiyya da Shiga Ikhwan

Wajen 1912 wasu mutane suka yada zango a rijiyoyin Arɗawiyya, cikin ƙasar Muɗair, suka gina masallaci da ɗakunan ƙasa. Manufarsu ita ce su bar yawon kiwo su zauna wuri ɗaya, su koyi addini bisa koyarwar Shaihu Muhammadu ɗan Abdulwahhab. Sun kira wannan zama hijira, suna nufin ƙaura daga jahilci zuwa Musulunci, suka kuma kira junansu Ikhwan, wato 'yan'uwa. Wannan ƙungiya ba ta da alaƙa da mai irin sunanta da aka kafa a Masar a 1928. Abdul'aziz ya ga amfanin abin, ya tallafa da malamai da kuɗi da iri da makamai, har irin waɗannan matsugunai suka haura ɗari a faɗin Najadu.

Faisal ya rungumi wannan tafarki, ya tare a Arɗawiyya, ya zama amirinta. Garin ya bunƙasa ya tara dubban mutane. Sai dai wanda ya tashi a bayan raƙumi da wuya noma ya riƙe shi. Mutanen sun sayar da yawancin dabbobinsu, gonakin kuwa ba su isa ciyar da su ba, saboda haka rayuwarsu ta dogara a kan kyautar Imam, kamar yadda suke kiran Abdul'aziz, da kuma ganimar yaƙi. Harin da a da ake kai wa don kore raƙuma, wanda ba a cika zubar da jini a cikinsa ba, ya koma jihadi a kan duk wanda ba ya bin tafarkinsu. Irin kisan da suke yi wa mazajen ƙabilun da suka faɗa wa ya sa tsoronsu ya cika hamada.

4.0 Daga Jahra zuwa Uƙair

Karon farko da Faisal ya haɗu da ƙarfin Birtaniya a kan Kuwait ne. A 1920 wasu Muɗair suka fara gina matsuguni a Ƙarya, wurin da sarkin Kuwait, Shaihu Salim ɗan Mubarak, yake ganin ƙasarsa ce. Salim ya aika da runduna, Faisal ya auka mata a Hamd cikin watan Mayu ya tarwatsa ta. Mutanen Kuwait suka tashi haiƙan suka kewaye garinsu da ganuwa a cikin zafin bazara. Ranar 10 ga Oktoba 1920 Faisal ya kai hari Jahra, ƙauyen da ke yamma da birnin, ya tsare Salim da mutanensa a cikin ginin da ake kira Jan Fada. An yi asarar rayuka da yawa a ɓangarorin biyu. Salim ya ja shi da zancen sulhu har ya samu ya fita, sannan ya nemi taimakon Birtaniya. Jiragen ruwan yaƙi suka tsaya a gaɓar Kuwait, jirgin sama ya watsa takardun gargaɗi a sansanin Ikhwan, Faisal ya janye.

A shekara mai bi ya kasance cikin jagororin yaƙin da ya kawo faɗuwar Ha'il a Nuwamba 1921. Wani ɓangare na ƙabilar Shammar ya ƙi miƙa wuya, ya tsallaka Iraƙi, inda Birtaniya ta naɗa Faisal ɗan Sharif Husaini sarki a wannan shekarar. Daga can Shammar suka riƙa kai hari Najadu su koma. Addawish ya mayar da martani a Maris 1922 da mummunan hari a kan makiyayan kudancin Iraƙi.

Wannan ne ya sa Babban Kwamishinan Birtaniya a Bagadaza, Percy Cox, ya gana da Abdul'aziz a Uƙair a ƙarshen 1922. Abdul'aziz ya nemi a bi tsarin da hamada ta sani, wato iyakar kowane sarki ta zama inda rijiyoyi da makiyayar ƙabilunsa suka tsaya. Cox ya ƙi, ya ɗauki jan fensir ya ja layi a kan taswira. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 2 ga Disamba 1922 ta ware yankuna biyu na tarayya, ta yarda ƙabilu su ci gaba da shayar da dabbobi a rijiyoyin da suka saba, ta kuma hana gina ganuwar soja ko tara mayaƙa a rijiyoyin da ke kusa da iyaka. Kuwait, wadda wani jami'in Birtaniya ya wakilta a zaman, ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da take iƙirarin tata ce. Muɗair kuwa, da ba a tambaye su ba, sai suka wayi gari layi ya ratsa hanyarsu ta kiwo. A daidai wannan zamani Abdul'aziz ya hana ƙabilunsa cin kasuwar Kuwait, saboda saɓanin kuɗin fito tsakaninsa da sarkinta.

5.0 Taƙaddamar Ƙabilu Masu Gudu

Zana layi bai warware maganar masu tsallake shi ba. Bayan Shammar, wasu gidaje daga Muɗair da Harb da suka saɓa da Abdul'aziz su ma suka koma Iraƙi, suna kai hari gida. Abdul'aziz ya dage a kan a dawo masa da su, domin ya san muddin talakansa na da wurin gudu, hukuncinsa ba zai yi tasiri ba. Gwamnatin Iraƙi ta ƙi, tana kafa hujja da al'adar Larabawa ta kare wanda ya nemi mafaka, Turawa kuma suna kafa hujja da tasu ƙa'idar ta rashin miƙa mai laifin siyasa. Taron da aka yi a Kuwait daga ƙarshen 1923 zuwa 1924 ya watse ba tare da an cimma komai ba, kuma wani sabon hari da Faisal ya kai Iraƙi ana cikin zaman yana daga cikin abubuwan da suka rusa shi.

Daga nan hankali ya koma Hijaz. Ikhwan ƙarƙashin Sulɗan ɗan Bijad na Utaiba suka ci Ɗa'if a Satumba 1924, aka yi kisan da ya girgiza duniyar Musulmi, sannan aka shiga Makka ba tare da yaƙi ba. A 1925 aka tura Faisal ya kewaye Madina. Mutanen birnin suka ƙi buɗe masa ƙofa saboda abin da suka ji an yi a Ɗa'if, suka ce sai dai ɗan Abdul'aziz. Haka aka yi, Yarima Muhammadu ya karɓi birnin a Disamba 1925. Masana tarihi da dama na ganin Faisal ya sa ran a ba shi riƙon Madina. Abin da ya samu shi ne kyauta da umarnin komawa Arɗawiyya.

Ana cikin wannan yaƙi wakilin Birtaniya Gilbert Clayton ya ƙulla yarjejeniyoyi biyu da Abdul'aziz a Nuwamba 1925: ta Bahra a kan Iraƙi, da ta Hadda a kan Gabashin Jodan. Yarjejeniyar Bahra ta mayar da kai hari ƙetaren iyaka laifi, ta ɗora alhakinsa a kan shugaban ƙabila, ta tanadi kotun haɗin gwiwa don biyan diyya. Ta kuma wajabta wa kowace gwamnati ta daina jawo ƙabilun ɗaya ɓangaren da kyauta ko alkawari. Maganar miƙa masu gudu dai an ɗage ta zuwa gaba.

6.0 Saɓani da Imam

A idon Abdul'aziz yaƙi ya ƙare, domin duk inda ya juya ƙasa ce da ke hannun Birtaniya ko ƙarƙashin kariyarta. A idon Faisal da abokansa kuwa, an koya musu cewa mutanen da ke bayan layin nan ba sa kan daidai, yanzu kuma an ce kada a taɓa su saboda an yi alkawari da Nasara. A 1926 shugabannin Ikhwan suka taru a Arɗawiyya, ciki har da Ibn Bijad da Daidan ɗan Hislain na Ajman, suka jera ƙorafe-ƙorafensu. Sun soki tura 'ya'yan Imam zuwa Masar da Landan, da amfani da mota da wayar tangaraho, da sababbin haraji. Sun kuma soki barin ƙabilun Iraƙi su yi kiwo a Najadu, da hana cinikin Kuwait: in mutanen Kuwait Musulmi ne, a buɗe kasuwa, in kuwa ba Musulmi ba ne, a ba da izinin yaƙarsu. Abdul'aziz ya kai maganar gaban malaman Riyad. Fatawar da suka fitar a Fabrairu 1927 ta ba Ikhwan gaskiya a wasu wurare, amma ta tabbatar da cewa shelar jihadi haƙƙin Imam ne shi kaɗai.

A Mayu 1927 Birtaniya ta amince da cikakken 'yancin Abdul'aziz a yarjejeniyar Jidda. A wannan shekarar gwamnatin Iraƙi ta fara gina ofishin 'yan sanda a rijiyar Busayya. Najadu ta ce an saɓa wa yarjejeniyar Uƙair, Birtaniya ta ce wurin ya yi nisa da iyaka, kuma an gina shi ne don a hana Shammar kai hari Najadu. Ranar 5 ga Nuwamba 1927 mayaƙan Muɗair suka auka wa Busayya da dare, suka kashe kusan duk wanda ke wurin, 'yan sanda da leburori. Hare-hare suka biyo baya a kan makiyayan tumaki na Iraƙi da mutanen Kuwait. Jiragen yaƙin Birtaniya suka ƙetare iyaka suka yi ruwan bama-bamai a cikin Najadu a farkon 1928. Clayton ya je Jidda sau biyu a wannan shekara, amma aka tashi baram-baram a kan maganar ofisoshin 'yan sandan. A ɓangaren Iraƙi aka ɗora wa John Glubb tsaron hamadar kudu, ya haɗa 'yan sanda daga cikin makiyaya, ya ba su motoci masu bindiga da na'urar aika saƙo.

7.0 Yaƙin Sabila

A Nuwamba 1928 Abdul'aziz ya kira babban taro a Riyad na malamai da amirai da shugabannin ƙabilu. Faisal bai je ba, ya aika da ɗansa Abdul'aziz, wanda ake kira Azayyiz. Ibn Bijad da Daidan ma ba su halarta ba. A wurin taron Imam ya ce a zaɓi wani daga gidansu in an gaji da shi, jama'a suka ƙi, suka sabunta mubaya'a. Ba da jimawa ba mutanen Ibn Bijad suka kashe wasu fatake 'yan Najadu a kan hanyar arewa. Wannan ya sa mutanen garuruwa, musamman na Ƙasim, suka juya wa Ikhwan baya, tun da yanzu takobin ya fara cin na gida.

Rundunonin biyu suka fuskanci juna a filin Sabila, kusa da Zulfi, a ƙarshen Maris 1929. Faisal ya zo sansanin Imam da kansa, suka tattauna, ya koma wurin mutanensa ba tare da an daidaita ba. Yaƙin bai daɗe ba. Abdul'aziz yana da rinjayen mutane, yana kuma da bindigogi masu aman harsashi da ya ɓoye har sai da Ikhwan suka matso. Ɗaruruwa suka faɗi. Harsashi ya sami Faisal a ciki, aka ɗauke shi zuwa Arɗawiyya. Da aka kawo shi gaban Imam a kan makara, matan gidansa na biye suna kuka, kowa ya ɗauka ajali ya zo, sai Abdul'aziz ya yafe masa ya bar shi ya mutu a gida. Ibn Bijad ya miƙa wuya aka ɗaure shi, aka rushe garinsa Gaɗgaɗ. Imam ya wuce Makka aikin Hajji yana ganin an gama.

Faisal bai mutu ba. A watan Mayu aka kashe Daidan ɗan Hislain a sansanin Fahad ɗan Jiluwi, ɗan gwamnan Ahsa, bayan ya zo bisa amana. Ajman suka rama a daren suka kashe Fahad, suka ɗaga tutar tawaye ƙarƙashin Nayif ɗan Hislain. Da Faisal ya murmure sai ya kwashi mutanensa ya haɗu da dangin mahaifiyarsa a kusa da iyakar Kuwait.

8.0 A Bakin Iyaka

Tawayen 1929 ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato samun ƙofar Kuwait. Can abinci yake, can harsashi yake, can kuma za a iya ajiye iyali a tafi yaƙi. Faisal ya san sarkin Kuwait na lokacin, Shaihu Ahmad Aljabir, yana da ciwon Uƙair da na toshe masa kasuwa, saboda haka ya aika masa cewa Muɗair da Ajman a shirye suke su koma ƙarƙashinsa kamar zamanin kakanni. A Bagadaza ma Sarki Faisal, wanda Abdul'aziz ya kori mahaifinsa da yayansa daga Hijaz, ba zai ƙi ganin an raunana Riyad ba. Abdul'aziz ya fahimci haka, ya yi ta aika wa Birtaniya takardu yana neman ta hana 'yan tawaye abinci da mafaka a Kuwait da Iraƙi. Birtaniya ta auna, ta ga sarki ɗaya da ke cika alkawari ya fi mata ƙabilu masu yawa da ba su da mai tsawata musu. Ta yi masa alkawarin, ta kuma sayar masa da makamai.

Wanda aka ɗora wa aiwatar da wannan a Kuwait shi ne wakilin Birtaniya, Harold Dickson, mutumin da ya halarci zaman Uƙair, ya kuma ji Larabcin makiyaya. A ƙarshen Agusta 1929 Faisal ya shigo da mata da yara da garkunan raƙuma rijiyoyin Subaihiyya, cikin ƙasar Kuwait. Dickson da Shaihu Ahmad suka fita suka same shi. Ya bayyana musu cewa ba shi da rigima da Birtaniya, ruwa da kiwo da kasuwa yake nema. Dickson ya shaida masa cewa gwamnatinsa ta riga ta ba da kalmarta, in bai fita ba jirage za su zo. Faisal ya yi alkawarin janyewa cikin kwana biyu, ya kuma cika.

Daga nan al'amura suka riƙa taɓarɓarewa. Azayyiz ya tafi hari arewa da zaɓaɓɓun samarin Muɗair. A kan hanyar dawowa, ƙishirwa ta kai su rijiyar Ummu Radma, inda gwamnan Ha'il, Ibn Musa'id, ya riga su sauka. Kaɗan ne suka tsira, Azayyiz bai dawo ba. Faisal ya sake aika wa Turawa yana tambaya ko za su tsare masa mata da yara idan ya shiga Najadu yaƙi, amsar da ya samu ba ta ba shi wani tabbaci ba. A ƙarshen shekara Abdul'aziz ya taso da babbar runduna da motoci, ya yi shelar afuwa ga mabiya, mutane suka fara zamewa. Cikin Disamba ƙabilun da ke biyayya ga Imam suka auka wa sansanin Faisal kusa da kwarin Albaɗin suka kore raƙuma masu yawa. Sauran jama'a suka kwarara cikin ƙasar Kuwait, rundunar Imam na bayansu, motoci masu sulke na Birtaniya na gabansu, jirage na shawagi a kansu.

9.0 Miƙa Wuya da Miƙa Shi

Ranar 9 ga Janairu 1930 Nayif ɗan Hislain ya miƙa kansa ga mayaƙan saman Birtaniya. Kashegari Faisal da Jasir ɗan Lami suka bi sahu, a kusa da Jahra, wurin da ya tsare sarkin Kuwait shekaru tara da 'yan watanni da suka wuce. Kafin a tafi da shi ya damƙa amanar matan gidansa a hannun Dickson, Shaihu Ahmad kuma ya ɗauki nauyinsu har aka mayar da su Najadu. Aka kai shugabannin uku Basra a jirgin sama, aka tsare su a cikin jirgin ruwan yaƙi mai suna Lupin.

Yanzu matsalar ta koma kan Birtaniya. Alkawarin da ta yi na korar 'yan tawaye ne daga iyaka, ga shi kuwa suna hannunta a matsayin waɗanda suka miƙa wuya. Abdul'aziz, wanda ya yada zango dab da iyakar Kuwait, ya ce an saɓa masa, ya nemi a ba shi su nan take. Jami'an Birtaniya suka rabu. Wasu na ganin miƙa wanda ya shiga hannunka ga mai neman ransa zai zubar da mutuncinsu a idon Larabawa, har aka yi shawarar a kai shugabannin wata ƙasa mai nisa. Wasu kuma na ganin dama ce ta samu da za a karɓi wani abu daga Riyad. Aka tura Razdan na yankin Tekun Fasha, Hugh Biscoe, tare da Dickson, suka sami Abdul'aziz a Khabari Wadha. Bayan kwanaki ana ciniki aka daidaita: ba za a kashe shugabannin ba, za a sassauta wa mabiyansu, Najadu za ta hana hare-hare nan gaba, za ta kuma biya fam 10,000 a matsayin somin diyya ga ƙabilun Iraƙi da Kuwait.

Ranar 28 ga Janairu 1930 aka sauke Faisal da abokansa biyu daga jirgin sama a sansanin Imam. Sauran jama'a aka kora su da motoci masu sulke har suka ƙetare layin, inda aka karɓe musu yawancin raƙuma da dawaki. Mutum ɗaya daga cikin jagororin tawayen, Farhan ɗan Mashhur na ƙabilar Ruwala, ya kuɓuta. Shi ya faɗa hannun gwamnatin Iraƙi ne, Sarki Faisal ya yi ta jan ƙafa a kan miƙa shi, daga ƙarshe ya sulale zuwa Sham, wadda ke hannun Faransa.

10.0 Kammalawa

Ƙasa da wata ɗaya bayan haka, a Fabrairu 1930, Abdul'aziz da Sarki Faisal na Iraƙi suka gana a karon farko, a cikin jirgin Lupin ɗin da aka tsare Addawish. A Afrilu 1931 ƙasashen biyu suka sa hannu a Makka a kan yarjejeniyar abota da ta miƙa masu laifi, abin da Riyad ta yi shekara kusan goma tana nema. Abdul'aziz ya cika alkawarin barin ran Faisal, amma bai sake shi ba. Ya rasu a kurkukun Riyad a farkon Oktoba 1931. Ibn Bijad da Nayif da Ibn Lami su ma a tsare suka ƙare. A Satumba 1932 aka haɗe Hijaz da Najadu da sunan Masarautar Saudiyya, ƙasar da takubban Ikhwan suka yi rawar gani wajen kafa ta.

Ana tuna Faisal Addawish ta fuskoki mabambanta. Makiyayan kudancin Iraƙi da mutanen Jahra sun san shi da jinin da ya zubar, kuma ba kaɗan ba ne. Tarihin hukuma a Saudiyya ya ɗauke shi ɗan tawayen da ya fita daga ɗa'ar Imam bayan an yafe masa sau biyu. Dickson, wanda ya raka shi har wurin da aka miƙa shi, ya rubuta labarinsa da girmamawa. A shekarunsa na ƙarfi Faisal ya taimaka wajen rushe Ha'il, ya raunana Kuwait, ya kori Sharifai daga Hijaz, alhali waɗannan su ne gidajen da kakanninsa ke gudu su fake a cikinsu idan suka saɓa da Riyad. Da ranar tasa buƙatar ta zo, gida ɗaya ya rage, wato Kuwait, sarkinta kuwa ba shi da ikon karɓar baƙo sai da yardar Birtaniya. Muɗair sun ci gaba da zama a Arɗawiyya da kewayenta ƙarƙashin gidan Dawish, wani reshe nasu kuma yana Kuwait a yau a matsayin 'yan ƙasa, kowane ɓangare da fasfonsa.